Okid mai kama da malam-buɗe-littafi: gidansa kan bishiya, rainonsa cikin kwalba

Za mu fara da wani ɗan aiki da kowa zai iya yi a gida. Ku samu ƙwayar masara guda ɗaya ku jiƙa ta a ruwa ta kwana, da safe ku tsaga ta biyu a tsaye. Can wajen tsininta za ku ga wani ɗan abu mai laushi. Shi ne jaririn shukar. Duk sauran farin garin da ya cika ƙwayar kuwa abincinsa ne, guzurin da uwa ta ɗaura masa domin ya ci kafin ya yi ganye ya fara nema wa kansa. Wannan guzurin ne mu kuma muke ƙwacewa mu niƙa mu yi tuwo. Haka gero yake, haka dawa, haka shinkafa.

To, akwai wani dangin tsirrai da yake sallamar 'ya'yansa hannu rabbana, ba guzuri ba komai. Sunan dangin okid, kuma ba ƙaramin dangi ba ne. Masana sun ƙidaya nau'i kusan 28,000, suna nan a kowace nahiya in ban da Antatika mai ƙanƙara. Fanila ta asali da ake sa wa kek da askirim ma daga kwanson wani okid ake samunta, ko da yake yawancin wadda ke kasuwa a yau haɗin masana'anta ce.

A cikin dangin akwai aƙalla furanni uku da mutanen ƙasashe daban-daban suke kira da sunan malam-buɗe-littafi. Akwai Psychopsis papilio na tsibirin Tirinidad da arewacin nahiyar Kudancin Amurka, mai dogayen ƙahoni kamar na ƙwaro. Akwai Encyclia tampensis na jihar Fulorida ta Amurka, wanda za mu dawo kansa nan gaba. Sai kuma wanda ya fi su duka shiga duniya, wato Phalaenopsis, kuma a kansa za mu fi tsayawa. Wataƙila kun taɓa ganinsa a fim, ko a teburin wani otal, ko ma na roba da ake sayarwa don ado: dogon kara ya lanƙwaso, fararen furanni sun jeru a kansa kamar sun buɗe fukafukai za su tashi.

Sinawa da malam-buɗe-littafi suke kwatanta shi. Turawan Ingila kuwa da faɗa-wuta, ɗan'uwansa mai yawon dare da ke kewaya fitila. Sunan Phalaenopsis ɗin ma abin da yake nufi ke nan da Girkanci, wato mai kama da faɗa-wuta. Wani masanin tsirrai mai suna Carl Ludwig Blume ne ya raɗa masa a 1825, lokacin yana shugabantar lambun binciken tsirrai na Bogor a tsibirin Java na Indunusiya. Mutanen Indunusiya kansu okid ɗin wata suke ce wa farin cikinsu, kuma tun 1993 yana cikin furanni uku da ƙasar ta ɗauka a matsayin alamarta.

Ɗan haya ne, ba kauci ba

Phalaenopsis yana da nau'i kusan 70, kuma asalinsu ya faro daga Indiya da kudancin Sin, ya ratsa Taiwan da Filifin da Maleshiya da Indunusiya, har zuwa Niyu Gini da arewacin Ostareliya. Kurmi ne mai duhuwa, iska cike da laima, ga ɗumi kusan duk shekara. A irin wannan daji manyan itatuwa sun tare rana, ɗan abin da yake kaiwa ƙasa bai taka kara ya karya ba. Sai wannan fure ya bar ƙasa gaba ɗaya ya hau bishiya, ya manne a reshe ko a jikin kututture, inda yake samun haske daidai gwargwado ba tare da rana ta ƙona shi ba.

Da jin haka mun san wasunku za su ce, ai kauci ke nan. A'a. Kaucin da kuke gani a kan ɗorawa ko kaɗanya yana huda reshe ne ya tsotsi ruwan jikin bishiyar, idan ya yi yawa har ya raunana ta. Okid ba ya huda komai. Wurin zama kawai yake nema, kamar ɗan hayar da ke dafa abincinsa da kansa. Abin da yake ci shi ne ɗan abin da ruwan sama ya wanko masa daga sama: ruɓaɓɓen ganye, kashin tsuntsaye, ƙura.

Sirrin yana cikin saiwarsa. Kaurinta ya kusa na fensir, kuma tana sanye da wata farar riga mai kama da soso. Da ruwa ya taɓa ta, nan take rigar ta tsotse shi, sai ka ga saiwar ta koma koriya. In ta bushe ta sake komawa fara kamar azurfa. Wannan saiwa iska take so. Shi ya sa duk wanda ya sayi Phalaenopsis ya binne shi a ƙasar lambu, da nufin gata, ya kashe shi, domin saiwar za ta shaƙe ta ruɓe.

Zama a kan reshe yana da nasa wahalar. Ruwa na ɗaukewa reshen ya bushe, babu ƙasar da za ta riƙe danshi. Saboda haka tsiron yana cikin dajin ruwa amma yana tattalin ruwa kamar ɗan hamada. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin ganyensu su shaƙi iskar kabon, kuma ta nan suke asarar ruwa mai yawa. Shi kuwa sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, yake buɗe nasa, ya adana iskar a cikin kaurin ganyensa, da rana ya rufe ƙofa ya haɗa abinci. Abarba ma haka take yi.

Iri kamar ƙura

Yanzu mu dawo kan maganar guzuri. Idan kwanson okid ya nuna ya tsage, abin da ke fitowa ba ya kama da iri ko kaɗan. Kamar ƙura yake, ko garin da ya tashi daga rariya. Yawancin ƙwayoyin ba su kai milimita 1 ba. A madubin ƙara girma za ka ga ɗan dunƙulen jariri a tsakiya, an naɗe shi da wata siririyar riga mai kama da raga, sauran duk iska ce. Kwanso ɗaya yakan ɗauki dubbai, a wasu nau'o'in har miliyoyi.

Rashin nauyin nan dabara ce. Tsiron da ke zaune a saman bishiya yana bukatar 'ya'yansa su faɗa a saman wata bishiyar, kuma iska ce kaɗai za ta kai su. Tana kuwa kai su nesa. A 1883 dutsen Karakatawa na Indunusiya ya yi aman wuta ya ƙone duk abin da ke tsibirin, amma ba a cika shekara 15 ba masu bincike suka tarar da okid ya tsiro a wurin, alhali teku ta raba shi da manyan tsibiran da ke kusa da tazarar kimanin kilomita 40.

Charles Darwin, wanda kuka sani a darasin ilimin halittu, ya fitar da littafi sukutum a kan okid a 1862. Ya zauna ya ƙiyasta ƙwayoyin wani okid na ƙasarsu Ingila, ya samu kimanin 6,200 a kwanso ɗaya, sama da 186,000 a shuka ɗaya. Ya buga lissafi ya ga cewa da duk za su tsiro su hayayyafa, to tattaɓa-kunnen shuka guda sun kusa su lulluɓe dukkan doron ƙasa. Amma ga shi okid ba ya cika ko'ina, hasali ma sai an nema. Ina sauran ƙwayoyin suke tafiya? Darwin ya rasu a 1882 bai samu amsa ba.

Masu lambu a Turai ma abin ya dame su. A ƙarni na 19 attajiran Ingila sun haukace a kan okid, suna biyan kuɗi masu yawa a kan shuka guda. Amma in suka shuka irin, ba ya fitowa. Abin da suka lura da shi kawai shi ne, idan aka barbaɗa irin a gindin uwar, a cikin tukunyarta, wasu 'yan kaɗan sukan tsiro. Ba su san dalili ba. Tun da noma ya gagara, sai aka koma farauta. Kamfanoni suka riƙa tura mutane dazuzzukan Asiya da Kudancin Amurka suna ɓamɓaro okid ana cika akwatuna, wani lokaci a sare bishiya ɗungurungum don a kai ga abin da ke samanta. Da yawa a jirgin ruwa suke mutuwa kafin a isa.

Saurayin da ya ɗaga gungume

Amsar ta zo ne a 1899 daga hannun wani saurayi Bafaranshe ɗan shekara 25, Noel Bernard. Yana cikin aikin soja na wajibi, ya fita yawo a dajin Fontainebleau, sai ya ci karo da ƙwayoyin wani okid suna tsirowa a ƙarƙashin gungumen itace. Da ya duba su a madubin ƙara girma, sai ya ga kowace ɗaya akwai wasu siraran zaruruwa a cikin jikinta. Fumfuna ce, 'yar'uwar wadda kuke gani a kan burodin da ya kwana biyu, kuma dangin naman kaza. Wani zai ce cuta ce ta kama su. Bernard ya ce a'a, ita ce take ciyar da su.

Ga yadda abin yake. Fumfuna tana da ikon narkar da ruɓaɓɓen itace da ganye ta mayar da su abinci, abin da ƙwayar okid ba za ta iya ba. Idan ƙwayar ta faɗi a inda fumfunar da ta dace take, zaren fumfunar yakan kutsa cikinta, ya nannaɗe a cikin ƙwayoyin halittarta kamar ƙullin zare. Sai jaririn ya narkar da ƙullin ya cinye. Wani zaren ya sake shigowa, shi ma a cinye shi. Da haka jaririn yake kumbura har ya yi ganyen farko. Littattafai sukan kira wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, amma mu dai a wannan mataki ba mu ga abin da jaririn yake biya ba. Ya fi kama da baƙon da aka gayyato cin abinci, ashe shi ne abincin. Kuma wasan yana da haɗari: in fumfunar ta fi ƙarfi, ita take cinye ƙwayar.

Wannan ya warware tambayar Darwin. A cikin dubban ƙwayoyin da iska ta kwasa, sai wadda ta faɗa a kan bishiyar da ta dace, a gefen da yake da danshi, kuma ta tarar da irin fumfunar da ta dace, ita ce take rayuwa. Ya kuma bayyana abin da ya ɗaure wa masu lambu kai, domin fumfunar tana nan a saiwar uwar. Bernard bai yi tsawon rai ba, tarin fuka ya kashe shi a 1911 yana da shekara 36.

Sai wani malamin Jami'ar Cornell ta Amurka, Lewis Knudson, ya yi wata tambaya mai sauƙi. In dai abin da fumfuna take ba ƙwayar sukari ne da sinadaran gina jiki, me zai hana mu ba ta da kanmu? Ya haɗa sukari da gishirin ma'adinai irin na takin zamani, ya daskarar da su da aga, wani gari da ake samu daga ciyawar teku wanda in an dafa shi ya huce yakan daskare kamar kamu. Ya zuba a kwalba ya kashe duk wata ƙwayar cuta, ya barbaɗa iri. Suka tsiro, ba fumfuna ko ɗaya. Ya wallafa sakamakon a 1922, ya kuma fitar da ingantaccen haɗi a 1946 wanda har yau ake amfani da shi da sunansa.

Yadda ake yi

Aikin yana farawa ne daga fure. Kun san yadda gero yake bununi iska ta kwashi garin. Okid ba ya sakin nasa garin haka, ya dunƙule shi ne ya ɓoye a ƙarƙashin wata 'yar hula a tsakiyar furen, yana jiran ƙwaro ya zo ya manne masa a jiki. A daji wani babban ƙudan zuma mai huda itace ne yake yi wa farin Phalaenopsis wannan aiki, malam-buɗe-littafin da aka ba shi sunansa ba ruwansa. A lambu kuwa tsinken sakace ya isa. A ɗaga hular, dunƙulen garin mai ruwan ɗorawa ya manne a tsinken, a kai shi wani furen a tura cikin ɗan rami mai danƙo da ke ƙasan hular. Ko da a ce aikin na manya ne, ku sani cewa dabarar yi wa furen fanila irin wannan aure da hannu, wadda manoman Madagaska suke bi har gobe, wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ne ya gano ta a tsibirin Reunion a 1841. Wasu suka yi arziki da ita, shi ya mutu a talauce.

Bayan kwana kaɗan furen zai yanƙwane, gindinsa ya fara kumbura. Cikin kamar wata 4 kwanson ya ƙosa. Gwanaye sukan cire shi tun yana kore, kafin ya tsage, saboda cikinsa tas yake, babu ƙwayar cutar da ta shiga. Bayansa kawai za a wanke da ruwan bilic, a tsoma a sifirit, sannan a yanka. In kuwa ya riga ya tsage, dole ƙwayoyin kansu a jiƙa su a tsarmakakken bilic na 'yan mintoci a ɗauraye da ruwan da aka dafa, kuma in aka wuce ƙima bilic ɗin ya kashe su.

Abincin kwalba ba wani abin tsoro ba ne. A lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa ana sa sukari kimanin giram 20, aga kimanin giram 8, sai gishirin ma'adinai ɗan kaɗan, a daidaita shi ya ɗan yi tsami-tsami. Masu rainon okid sun gano cewa ruwan kwakwa da niƙaƙƙiyar ayaba da dankalin Turawa suna ƙara wa jariran kuzari, garin gawayi kuma yana tsotse dattin da saiwoyi ke fitarwa. Kun ga rabin kayan a kasuwar unguwa suke.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Abincin da ya yi wa okid daɗi ya fi yi wa fumfuna da bakteriya daɗi, kuma su cikin kwana 3 suke mamaye kwalba, alhali okid yana bukatar watanni. Ƙwayoyinsu suna yawo a iska, suna kan yatsunmu, suna cikin numfashinmu. Wato dangin da suke raya okid a daji su ne manyan abokan gabarsa a kwalba. Tafasa ta yau da kullum, digiri 100, ba ta kashe su duka. Sai an sa kwalaben a tukunya mai kulle tururi, zafi ya kai digiri 121 na tsawon minti 15 zuwa 20. A manyan ɗakunan gwaje-gwaje ana shuka irin ne a cikin wani akwati da ke huro tatacciyar iska. Masu yi a gida kuwa sukan kwantar da babban akwatin roba mai haske, su goge cikinsa da bilic, su zura hannu su yi aikin a ciki, ba magana ba tari.

Idan an dace, bayan 'yan makonni ƙurar nan za ta kumbura ta zama ƙananan ɗigo-ɗigo kore, kamar an watsa ƙwayar gero a kan agar. Ba ganye ba saiwa tukuna, dunƙule ne kawai. Daga baya ɗan ganye ya ɓullo a sama, saiwa ta biyo. In sun cunkushe a raba su zuwa sababbin kwalabe da sabon abinci, kuma duk buɗe kwalba wata dama ce ga fumfuna. Sai sun yi kusan shekara a ciki, a ɗaki mai haske amma ba rana kai tsaye ba.

Ranar fitarwa ita ce ranar fargaba. Shukar da ta tashi a kwalba 'yar gata ce: ba ta san busasshiyar iska ba, ba ta san cuta ba, abinci a bakinta yake. Ana wanke agar tas daga saiwoyinta, a dasa su da yawa a tukunya ɗaya a kan ɓawon itace ko gansakuka ko ɓawon kwakwa da gawayi, a rufe su da leda mai haske, a riƙa buɗewa sannu a hankali har su saba. Nan ne sababbin shiga suka fi yin asara. Wadda ta tsallake kuma ba ta gaggawa, ganye ɗaya ko biyu take ƙarawa a shekara. Daga shuka iri zuwa furen farko a ƙaddara shekara 3 ko 4. Wanda ya fara a aji ɗaya na babbar sakandare, da wuya ya ga furen kafin ya rubuta jarrabawar fita.

Akwai ma wani sharaɗi. Muddin zafi yana sama da digiri 28, Phalaenopsis ganye kawai zai yi ta yi. Sai ya samu makonni na ɗan sanyi kafin ya fitar da karan fure. Manoman Taiwan da Holan da wannan suke juya shi yadda suke so: su riƙe shi a ɗumi har ya girma, sannan su sanyaya ɗakin a lokacin da suka lissafa, furen ya buɗe daidai bikin sabuwar shekarar Sinawa ko Kirsimeti.

Ya cika kanti, ya ƙare a daji

Galibin waɗanda ake sayarwa a yau ma ba daga iri suka fito ba. A 1949 wani ɗalibi ɗan Filifin a Cornell, Gavino Rotor, ya nuna cewa za a iya yanko gaɓar karan furen Phalaenopsis a raine ta a kwalba ta zama sabuwar shuka. A 1960 Georges Morel na Faransa ya faɗaɗa irin wannan hanya. Da ita ake mayar da shuka ɗaya mai kyau ta zama dubbai, duk kamarsu ɗaya sak. Furen da a da sai gidan attajiri, yanzu yana cikin waɗanda aka fi sayarwa a tukunya a duniya.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A gabas da Taiwan akwai wani ƙaramin tsibiri da a 1947 aka sauya masa suna zuwa Lanyu, ma'ana tsibirin okid, saboda farin Phalaenopsis da ke dazuzzukansa. Masu tara shi don sayarwa suka yi masa ƙarƙaf, har ya zama ganinsa a dajin tsibirin da ke ɗauke da sunansa sai an tona. A Sumatra da Borneo kuwa dajin ne kansa yake tafiya, ana sare shi don katako da gonakin kwakwar manja. Ita wannan bishiyar manja asalinta tamu ce ta Afirka ta Yamma. A 1848 aka kai guda 4 lambun Bogor, wancan lambun da Blume ya shugabanta, yau ga shi Indunusiya da Maleshiya ne suke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya.

Akwai doka. Yarjejeniyar CITES, wadda aka rattaba wa hannu a 1973 kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da ita, ta sa dukkan dangin okid a jerin abubuwan da ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda. Ta sassauta wa jariran da aka raina a rufaffiyar kwalba, domin a ƙarfafa raino a rage farauta. Amma doka ba ta dasa bishiya, kwalba ma haka. Za a iya cika ɗaki da shuka miliyan, in babu reshen da za su manne, babu ƙudan da zai kai gari, babu fumfunar da za ta karɓi 'ya'yansu, to sun zama kayan ado kawai.

A nan ne shuka daga iri take da muhimmanci. Shuke-shuken da aka kwafa daga uwa ɗaya duk halinsu ɗaya, cutar da ta kashe ɗaya za ta iya kashe duka. Na iri kuwa kowanne da nasa hali, kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, wani ya fi jure fari, wani ya fi jure cuta. Duk mai son mayar da okid daji, iri yake nema.

Kuma sa'o'inku suna cikin masu yin wannan aiki. A makarantar sakandare ta Writhlington da ke kudu maso yammacin Ingila, wani malami mai suna Simon Pugh-Jones ya kafa ƙungiyar rainon okid tun farkon shekarun 1990. Ɗalibai ne suke shuka irin a ɗakin gwaje-gwajen makarantar, har sun je Ruwanda da Laos sun koya wa wasu. A Fulorida kuma, inda muka ce akwai wancan Encyclia tampensis, an taɓa kwasar okid daga daji ana loda wa jiragen ƙasa har ya yi ƙaranci. Lambun binciken tsirrai na Fairchild da ke kusa da Miami ya ƙuduri mayar da okid na asalin yankin har miliyan 1 kan itatuwan tituna da makarantu. 'Yan makaranta ne suke rainon jariran a azuzuwansu, an ma mayar da wata motar ɗaukar ɗalibai ɗakin gwaje-gwaje tana zagayawa.

To mu fa?

Gaskiya ɗaya ce, Phalaenopsis ba ɗan Kano ba ne, ba ɗan Sakkwato ko Damagaram ba. Iskar hunturu za ta busar da shi, zafin bazara mai haura digiri 40 ya ƙarasa shi, sai fa wanda zai iya haɗa masa inuwa da laima da sanyi duk shekara. Mutanen Jos da Mambila sun fi mu dama. Amma ba sai mun hango na Asiya ba, Najeriya tana da nata okid. Akwai Ansellia africana mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, wanda shi ma a kan itatuwa yake zama. Akwai dangin Eulophia da ke tsirowa a ƙasa cikin ciyawa, su ɓoye a ƙarƙashin ƙasa duk rani, su yi fure da faɗuwar damina. Su ma ƙwayarsu ƙura ce, su ma fumfuna suke jira, kuma gatari da faɗaɗa gonaki suna rage musu wurin zama. Wanda ya ci karo da ɗaya, kada ya tumɓuke. Ya ɗauki hoto, ya rubuta ranar da wurin da irin bishiyar da yake kai, ya nuna wa malamin ilimin halittu.

Ƙungiyar kimiyya ta makarantarku kuma za ta iya gwada matakin farko ba tare da iri ko ɗaya ba. Ku nemi aga a ɗakin gwaje-gwaje, ku haɗa da sukari da ruwan kwakwa, ku zuba a ƙananan kwalabe 10 masu murfi, ku dafa a tukunya mai kulle tururi. Malami ya tsaya a kanku, domin bilic da sifirit da tururi ba abin wasa ba ne. In sun huce, ku buɗe 5 a cikin akwatin robar da kuka goge, ku taɓa agar da hantsakin da kuka tsabtace kamar kuna shuka, ku mayar da murfi. Sauran 5 ɗin kada ku taɓa su. Ku ajiye duka na mako 2. Wadda ta yi fumfuna kada a buɗe ta, a sake dafa ta kafin a zubar. In waɗanda ba ku buɗe ba suka lalace, laifin dahuwa ne. In waɗanda kuka buɗe ne kaɗai, laifin hannu ne, sai a sake. Ranar da 10 ɗin suka fita tas, hannunku ya isa a ba shi iri.